Kafin a Sa Gwaggo Ta Tsallaka

Zuwa ga Ikhlas, sanyin idona, hantsin da ke leƙowa bayan ruwan Duwala ya gaji da duka, iskar bakin kogin Wuri a ranar da gari ya toshe da zafi, inuwar mangwarona, zumar da ban taɓa lasa na ƙoshi ba!

Aminci ya tabbata a gare ki, ya ke wadda sunanta ke riga salatina fitowa in allura ta soke ni. Ni ne Zaidu, telanki na unguwar New Bell, wanda wayarsa ta gaji da kiranki. Na kira, ba ki ɗaga ba. Na aika saƙo, na ga alamar kin karanta, shiru. Haba Ikhlas! Yaushe muka fara haka da ke? Shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na ɗauki biro. Ki daure ki karanta har ƙarshe, don Juma'ar nan ba za ta jira mu ba.

Kin tuna ranar da muka haɗu? Kin taso daga buronku, wato ofishinku na unguwar Akwa, taksi ya ajiye ki a bakin layinmu, sama ta ɓalle da ruwa, kwata ta cika ta haura titi. Kika shigo rumfar Gwaggo Rakiyatu da gudu, takalmanki a hannu, gyalenki na ɗiga. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun ina rarrafe bayan iyayena sun rasu, ta goge miki benci da bakin zanenta, ta zuba miki kunun gyaɗa mai zafi, ta buga ludayi a bakin tukunya kamar yadda ta saba, ta ƙara miki gyara ba ki roƙa ba. Ni kuwa ina gefe, na zo karɓar abincin rana, na manta da yunwa, na manta da sunana. Wayyo wannan dariya taki da kunu ya ƙona miki harshe! Idonki bai bar komai ba a ranar: hakiyar da ke idon Gwaggo na hagu, baƙar kyanwar da ke kwance a gindin murhu, yadda take cika wa masu ciki kofi har ya zuba. Na ɗauka kallon ƙauna ne, kuma har gobe na yarda ƙauna ce. Ashe dai marubuci ko a cikin ƙauna yana tsince-tsince.

Da kika amince da ni kika faɗa mini cewa ke ce Ɗiyar Damina, mai rubuta labarin aljannun New Bell da ake turawa waya zuwa waya, wallahi sai da na ji ƙasa ta yi mini kaɗan. Ni, Zaidu, ni ke neman auren wadda ta hana matan unguwa kula da tukunyarsu! Wa ya taɓa sa mu a littafi kafin ke? Mu da ake kallo 'yan kwata da laka, sai ga shi kin mai da kwatar tamu hanyar da aljannu ke bi zuwa kasuwarsu. Kin sa ɗan bensikin, mai hayar babur, ya ɗauki fasinja a unguwar Bali ya sauke shi a wata duniya. Kin sa aljana ta tsaya tana ciniki da Faransanci a kantin Akwa, tana neman ragi kamar kowa. Yaran da ba su iya haɗa jimla da Hausa ba sai sun yafa mata Faransanci, yanzu suna zama su saurara in ana karantawa a waya, har su tambayi ma'anar kalma. A shagona mata na zuwa awo su zauna su manta da awon. Na fara tafiya a layin da aka haife ni ina waige, ina ganin kowane lungu sabo. Wannan kyauta ce Allah Ya ba ki, kuma ba zan taɓa cewa ki binne ta ba.

Amma ai na sha tsokanarki, ko kin manta? Na ce miki jarumin naki ya cika sa'a, duk lokacin da aka ritsa shi sai wani zobe ya faɗo daga sama ya cece shi. Na ce aljannunki duk sun yi makarantar boko. Kika harare ni kika ce tela ya tsaya a kan almakashinsa. Muka yi dariya. Akwai biyu kuma da na faɗa ba da dariya ba. Na tambaye ki don me mugunta a irin waɗannan littattafai ba ta zama sai a jikin tsohuwa talaka marar ɗa. Na kuma roƙe ki ki cire layin nan da kike sawa a saman kowane kashi, wai wannan labari ya faru da gaske a New Bell. Kika ce haka duk marubuta ke yi, gishiri ne kawai, ba wanda ke ɗaukarsa da gaske.

Sun ɗauka, Ikhlas. Sun ɗauka da hannu biyu!

Dodon tatsuniya yana zaune a dajin da ba wanda ya san hanyarsa, in an gama labari yara su kwanta lafiya. Naki labarin kuwa yana da layi, yana da kusurwa, yana da rumfa. Abin da ya sa ya fi kowanne daɗi ke nan, shi ne kuma ya sa ya fi kowanne kaifi. Da kika kawo mayyar labarinki, mai kama kurwar jariri tun yana ciki, kika ajiye ta a kusurwar layi bayan masallaci tana sayar da kunu. Kika ba ta hakiya a ido. Kika ba ta baƙar kyanwa. Kika ce in ta buga ludayi a bakin tukunya kurwa take kira, in ta ƙara wa mai ciki gyara ta riga ta kama. Na san ba Gwaggo kike nufi ba, kin ari kayanta ne don sun yi miki kyau a ido. To amma mutum nawa ne a New Bell ke da wannan ido da wannan ludayi?

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Gwaggo da kanta ta saurari wannan kashi a shagona. Ta riƙe haɓa, ta yi ta salati, ta ce Allah Ya raba mu da irin wannan tsohuwa. Ba ta gane kanta ba ko kaɗan! Ta yaya za ta gane, ita da ta san gyararta sadaka ce?

Unguwa ce ta gane mata. Da fari masu ciki suka daina zuwa. Sai iyaye suka fara fizge 'ya'yansu in sun doshi rumfar. Kunu ya riƙa wuni a tukunya har ya yi tsami, ta zubar a kwata tana cewa ko hannunta ne ya canza. Wata safiya ta tarar an kashe kyanwar an jefa mata a ƙofa. Sai kuma Nana Aisha, matar Munzali mahauci, mai cikin fari, ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ni na san palu ne, cizon sauron daminar nan da ya kwantar da rabin layi. Amma yarinyar ba ta da aiki sai sauraron labarinki, kuma cikin fitar hayyaci ta yi ta kiran mai ludayi, tana cewa a hana ta bugawa. Shi ke nan, magana ta ƙare! Aka ce mara lafiya ta kira sunan mai kamunta. Munzali ya ƙi kai ta asibiti, wai allura ba ta dawo da kurwa. Ya zo ƙofarmu da 'yan'uwansa mahauta, idanu jawur, duwatsu na sauka a kan kwanon rufinmu. Ba don Malam Ɗan'azumi, limamin masallacin layinmu, ya tsaya a bakin ƙofa ya shimfiɗa hannuwansa ba, da ban san abin da zan rubuta miki yau ba. Da ƙyar ya samu suka yarda a jira Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a yi a gaban dattawa.

Ke da kika tashi can unguwar Cité des Palmiers, wataƙila ba ki taɓa ganin abin da suke nema ba, don haka bari in faɗa miki. Za su kwantar da Nana Aisha a tsakar gida. Za su ce Gwaggo ta kwance zanenta ta tsallake ta, wai ta saki kurwar da ta kama. In ta tsallaka, ta amsa cewa ita mayya ce, kuma wannan suna ba ya wankuwa har kabari. In ta ƙi, an ce ta ƙi saki, kuma Malam ba shi da hannuwan da za su tare unguwa guda. Matar da ta yi furfura a kan sallaya, a tuɓe ta a gaban yaran da suka girma da kununta? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tsuntsun da ya ja ruwa aka ce shi ruwa kan doka, to yaya aka yi wannan ruwa ya tsallake mai kiransa ya sauka a kan tsohuwar da ko karatu ba ta iya ba?

Na ga abin da kika tura da sunan Ɗiyar Damina, cewa duk ƙirƙira ce, ba a nufin kowa. Na gode, na san da kuka kika rubuta shi. Amma kin san yadda suka karɓe shi? Cewa suka yi mayyar ta kai ga marubuciyar, ta tsorata ta. Sunan da ba shi da fuska ba ya ba da shaida, masoyiyata. Sun gaskata ki lokacin da kika ce da gaske ne, ba za su gaskata janyewarki ba sai sun ga idonki, sun ji muryarki, sun san 'yar wane ce.

Don haka ga roƙona, ga gwiwoyina a ƙasa. Ki zo ranar Juma'a. Ki tsaya kusa da Malam ki ce ke ce kika rubuta, ki faɗi ranar ruwan nan da kofin kunun nan, ki nuna musu a wayarki inda labarin ya fito. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Na san Alhaji Zakariya'u, mahaifinki, ya sha cewa masu rubuta labarin aljannu suna wasa da imaninsu, kuma in ya ji, wataƙila ya maido mana da kayan gaisuwarmu. Na san kina tsoron mahautan nan, ni ma ina tsoronsu, ƙarya zan yi in ce ba na tsoro. Amma na rantse da wanda Ya halicci wannan murmushi naki, dutsen da zai same ki sai ya fara bi ta ƙirjina. In an kore ki daga gida, ni ne gidanki. In an ce kin yi laifi, mu biyu za mu ɗauka.

Kada ki ji tsoron bakina. Amanar da kika ba ni tana nan inda kika ajiye ta. Lokacin da duwatsu ke sauka a kwanonmu, sunanki ya hau har kan harshena, na cije shi sai da na ji gishirin jini. Ban faɗa ba, ba zan faɗa ba ranar Juma'a, ba zan faɗa ba ko me za su yi. Ba na son gaskiyar da aka fizge daga hannunki, ina son wadda za ki kawo da ƙafarki. Amma kaico, wane irin so ne wannan da ya tsayar da ni tsakanin wadda ta raine ni da wadda nake so ta haifa mini 'ya'ya?

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na kasa ɗinki yau. Da safen nan Gwaggo ta kira ni ta zaunar da ni. Ta ce ta yanke shawara, za ta tsallaka, don a bar Munzali ya huce ya kai yarinyar asibiti kafin a rasa rai biyu. Ta ce amma kafin ta kwance zanenta za ta rantse a gaban dattawa cewa ba ta haife ni ba, ba ta shayar da ni ba, ba abin da ya haɗa mu sai zaman gida ɗaya, ita da take yayar mahaifina, don kowa ya san ba a auren jinin mayu, kuma ba za ta bari a hana ni ke ba. Ta ce daga nan za ta shiga jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ba za ta ƙara taka Duwala ba. Na yi kuka, na yi faɗa, ta ce in rufe mata baki, ba da yaro take shawara ba. Sannan ta ce in gaishe ki da kyau, in kuma roƙe ki kada ki kuskura ki biyo ta unguwarmu ranar Juma'a, don ba ta son amaryar ɗanta ta gan ta a haka.

Na isar da saƙonta, tunda ta aike ni. Na kuma isar da nawa. Ke za ki zaɓi wanda za ki ji.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, zuciyar nan taki ce har ranar da za a juya fuskata gabas a rufe ni da ƙasa. Ba zan so wata ba, ban iya ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Zan tsaya a gefen Gwaggo riƙe da hannunta, idona a bakin layi inda taksi ke sauke mutane.

Naki, da duk abin da ya rage a jikina,
Zaidu, ɗan Gwaggo Rakiyatu