Ramuka Bakwai a Dutsen Kaya

Talata, 11 ga Afrilu, 1978

"Bilkisu, ramukan nan bakwai taurari ne! Kaza da 'ya'yanta!" Haka Rifkatu ta faɗo mini ɗaki ko sallama babu. Shekara uku ina auna dutsen nan na kusa da Kaya, na cika littafi biyu. Ita mako biyu ke nan da jami'a ta turo ta don ta taya ni. Na ce madalla.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Ashe Dada ce ta gaya mata, tsohuwar da gonarta ke gindin dutsen. Wai kakanninta kan tsaya kan ramukan da almuru su dubi yamma. Ranar da Kaza ta ɓace, sai a fito da iri. Na wuce matar nan ya fi sau ɗari. Rifkatu kuwa zama ta yi tana taya ta ɓarar gyaɗa, da Hausarta ta Jos.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Na nemi kuskure a zanen ramuka da taurari da Rifkatu ta yi. Babu.

Laraba, 3 ga Mayu

Da almuru muka hau dutsen. Kaza ta faɗa daidai inda Dada ta nuna da sandarta. Rifkatu har da tsalle. Na ji tsohuwar na ce mata, "Ɗiyata, waccan abokiyar taki duwatsu taka gaidawa, ba mutane ba." Suka yi dariya. Na yi kamar ina gyara kamara.

Injiniyoyin madatsar ruwa ta Bakolori sun ce da an toshe kogi ruwa zai shanye dutsen. Rahotonmu kaɗai zai rage. Ni ce shugabar aiki. Sunan da na ga dama shi zai hau sama. Rifkatu ko tambaya ba ta yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 6 ga Mayu

Na aika rahoto daga Talata Mafara. Sunan Dada a sama, sai Rifkatu, sai ni. Sauri ne ya jawo, kuma takarda ta yi tsada.

Jibi za a kwashe su Dada kafin ruwan ya zo. Rifkatu ta ce akwai wani dutse wajen Faru da tsohuwar ta sani, amma Dada ta rantse ba za ta nuna shi ba sai mai littattafai, wato ni, ta zo da ƙafarta.

Na sayi goro. Igiyar awo tana kan tebur, a can zan bar ta. Rifkatu na ta tambayar ina za ni. Bari in ja mata ƙofa in tafi wajen Dada, gaisuwar mutanen nan doguwa ce.