Rabin Gonar da Aka Ce Kada a Taɓa

Asabar, 11 ga Mayu, 2024

Yau Baba ya yanka mini gayauna. Ba da son ransa ba. Tun da na gama kwalejin aikin gona nake bin bayan Yaya Shitu a gandu, ya ce huɗa in yi huɗa, ya ce tashi in tashi, kamar ban taɓa shiga aji ba. Shi ne na ce ko dai a ba ni wurin da zan noma da kaina, ko in bi abokina Mati Funtua in ja keke mai ƙafa uku. Ban yi niyyar tafiya ba, amma Baba bai sani ba.

Ta bakin hanyar Maska ya ba ni. Kowa a garin nan ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai shan amfanin gona tun daga saiwa, ta cinye gonar nan, ko dawa ba ta yi a cikinta. Ya ce, "Damina ɗaya, Awaisu. In ban ga komai ba, ka dawo gandu ka rufe mini baki."

Na karɓa. So yake in ji kunya in dawo. Za mu gani.

Laraba, 22 ga Mayu

Malama Bukola ta zo a kan babur. Malamar gona ce, tana aiki da masu binciken iri, kuma matasa suke nema su yi gonar gwaji. Iyayenta Yarabawa ne masu shago a Funtua, can aka haife ta. Da ta gaida kakata Tsohuwa sai da Tsohuwa ta ce Hausarta ta fi tawa daɗi.

Da na kai ta gonar ina ta kame-kame, sai na ga tana murna. Wai irin wannan take nema, wadda wuta-wuta ta yi wa katutu. Za mu raba ta biyu. Rabin gabas sabon irin masara mai jure wuta-wuta, rabin yamma irinmu na gida. Taki ɗaya, noma ɗaya. Sharaɗi guda: in wuta-wuta ta fito, ba mai cire ta, a kowane ɓangare, sai ta zo ta duba da idonta a watan Agusta. Bayan nan a tuge ta tun ba ta zubar da 'ya'ya ba. In gwajin ya yi kyau, a gonata za a yi taron manoma, kuma ni za a ba noman irin badi.

Taron manoma a gonata. Baba a zaune a kan benci yana saurare na. Wannan kawai nake so in gani.

Litinin, 3 ga Yuni

Ruwa ya sauka sosai. Na yi shuka ni kaɗai, da igiya, layi-layi. Yaya Shitu ya tsaya a bakin hanya yana tambaya ko masallaci nake awo.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Mati ya zo da sabuwar shadda da waya mai faɗin tafin hannu. Ya kalli ƙafata da ta tsage ya ce har yanzu akwai keke ɗaya a wurin ubangidansa. Na ce ya ba wani. Cikin raina kuwa waya ta burge ni, ba zan yi ƙarya ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na gama maimai, na sa taki na biyu. Duka ɓangarorin kore shar. Na kafa allon da Malama ta kawo, da sunana a jiki. Baba ya wuce a kan kekensa zai je gandu, ya rage gudu, bai tsaya ba. Da rana Inna ta ce ya tambaye ta me aka rubuta a allon. Ni ba zai tambaye ni ba.

Talata, 30 ga Yuli

Ta fito. A rabin yamma, gindin kowace masara sai ka ga 'yan tsiron nan sun leƙo. Masarar gida ta fara yin rawaya, ta tsaya cak kamar an danne ta. Ta gabas kuwa tana ta miƙewa, wuta-wutar cikinta ɗai-ɗai ce. Daga kan hanya ma ana ganin bambancin.

Na yi murna. Ko da yake wani iri na ji da na tsaya cikin ta yamma. Ni na shuka ta ita ma.

Juma'a, 9 ga Agusta

Bayan an sauko daga masallaci Kawu Sanda, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tawa, ya tare Baba a gaban jama'a. Ya kama sunan Baba, wai ɗan Maiwada yana kiwon wuta-wuta kamar mai kiwon kaji, iska za ta kwaso 'ya'yanta ta zuba masa. Wani ya ce dama karatun boko haka yake, a koya maka zama kana kallon abinci yana mutuwa. Aka yi dariya.

A zaure Baba ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ya fi ciwo.

"Gobe ka je ka tuge ta."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, kwana kaɗan ya rage Malama ta zo. In na cire, da me za a gane sabon irin ya fi?"

"Sai ka kashe wata kafin a san wata tana da rai?"

Na yi ta bayani. Na ce ba za a bari ta yi 'ya'ya ba. Ya ce tun kakansa ba a taɓa ganin furen wuta-wuta a gonar gidan nan ba, ko a shekarar da aka yi ciwo gida duka. Na ce ai gonar tawa ce, ku kuka ba ni. Ya ce, "Taka ce. Amma in an wuce, gonar Maiwada ake cewa."

Ban tuge ba. Ba zan tuge ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Ta fara fure, ja-ja mai kyau, muguwa. Masu babur har tsayawa suke yi. Tsohuwa ta ce, "Maigidana, an ce ka koma noman furanni, to a kawo mini in sa a kai." Ita kaɗai ke ba ni dariya a gidan nan.

Jibi zan tafi Malumfashi, taron horar da matasan da ke gonar gwaji. Kwana ɗaya zan yi. Na roƙi Yaya Shitu ya sa mini ido a gonar. Ya ce to.

Asabar, 17 ga Agusta

Tun daga nesa, ina bayan ɗan acaɓa, na ga babu ja a gonar. Na ce ya tsaya. Na shiga. Fes. Ko ɗaya ba su bari ba, gabas da yamma. An tara ta a gefe an cinna mata wuta, toka ce kawai da ɗan hayaƙi. Kuma ba su tsaya nan ba: rabin yamma an zuba masa takin awaki gindi-gindi, an ja masa ƙasa. Na gane takin, na garken gidanmu ne, wanda Baba ke ɓoyo saboda gandu.

Gayya aka yi mini. Gayya. Baba ya bi gida-gida jiya da yamma, yau da sassafe mutanen unguwa suka fito da fartanyoyi, har da Kawu Sanda, har da Yaya Shitu da na ba amana. Inna ta dama fura. An ce har waƙa aka yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a hanya kowa sai ya yi mini barka. "Awaisu, an rufa maka asiri." Wata tsohuwa ta ce Allah ya ba ta ɗa irin Maiwada mai tausayin ɗansa. Ni kuma dole in amsa da "na gode", don wanda aka yi wa gayya ba ya ɓata fuska.

Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Na same shi yana gyaran garma. Na ce, "Baba, kun kashe mini aiki." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce, bai ko ɗago ba, "Masara na ceta." Na ce ba masara nake nomawa ba, hujja nake nomawa. Ya ce shi bai taɓa ganin an yi tuwo da hujja ba.

Na fita kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Talata, 20 ga Agusta

Malama Bukola ta zo. Ta zagaya gonar, ta tsuguna ta ɗebi takin awakin ta murza. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ta fi kusa da kuka. Ta ce ba a gonata aka fara ba, bara ma wajen Matazu surukin wani ya yi musu haka.

Amma gwaji ya lalace. Ba abin da za ta duba, kuma ɓangare ɗaya ya sami takin da ɗayan bai samu ba. Taron manoma zai koma gonar wata yarinya, Mero, can gaba da Maska. Noman irin badi ma nata ne.

Ta ce sai ta gaida Baba. Na so ta faɗa masa magana, ta nuna masa abin da ya yi. Ina, durƙusawa ta yi. "Baba, sannunku da aiki. Laifina ne, da Awaisu kaɗai na yi magana, ban zo na zauna da ku ba. Kuma ban yi tunanin idon jama'a a bakin hanya ba ne." Baba ya sa aka kamo mata zakara.

Ni aka yi wa ɓarna, ita aka ba zakara.

Alhamis, 29 ga Agusta

Mati ya kira. Ya ji labari. Keken na nan. Na ce zan yi tunani, har na haɗa kaya a jaka. Sai na tuna in na tafi, cewa za a yi yaron ya gwada ya kasa. Ban kasa ba, hana ni aka yi. Na kwance jakar. Ko don haushi sai na girbe masarar nan.

Asabar, 14 ga Satumba

Ba ma magana da Baba sai gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Inna na kai da kawo tsakaninmu kamar mai raba faɗan zakaru.

Masarar yamma ta ɗan farfaɗo, amma wuta-wuta ta riga ta sha ta tun a ƙasa, goyonta ƙanana. Ta gabas goyo ya cika hannu. Da safe na ga sawun tayar keke a gefen gabas, da sawun takalmin roba ya shiga tsakanin kunyoyin masarar ya fito. Na san takalmin.

Laraba, 25 ga Satumba

Taron manoma a gonar Mero. Na je, na tsaya a baya. Ta yi bayani da kyau, ba zan hana ta ba. Ubanta na kan benci a gaba yana gyara hula. A nan ne na ji idona ya yi zafi, na tafi kafin a raba lemo.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na girbe. Gabas ta fi yamma nesa ba kusa ba, duk da takin awakin. Ba wanda zai rubuta wannan a ko'ina. Damina ɗaya aka ce, ta ƙare. Ina jira a ce in koma bayan Yaya Shitu. In aka ce, amsata a shirye take, kuma ba mai daɗi ba ce.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Da hantsi na shigo na tarar da Baba a tsakar gida a gaban tulin masarata ta gabas. Yana ɗaga goyo ɗaya-ɗaya, ya auna a hannu, ya ɓare, manyan ya ajiye gefe. Ya ƙuƙƙulla su da ɓawonsu yadda yake yi wa irin gida kowace kaka, wanda ake ratayewa a madafi hayaƙi ya kore masa ƙwari. Bai nemi izinina ba. Masarata ce fa.

Na buɗe baki in ce masa iska ta riga ta gauraya ta da ta gida, ba tsantsar iri ba ce, sai an karɓo sabo. Ban faɗa ba. Wata rana.

Yana ƙulli yake magana, kamar da masarar yake yi. Wai akwai gonar bayan rafi, ita ma wuta-wuta ta dame ta, ba ta da maƙwabci, ba hanya kusa. In 'yar nan Malama za ta yarda a sake, in yi abina can badi. Sai ya ce, "Amma kada ka kai ni. Ko na ce zan je, ka hana ni. In na ga wuta-wutar, hannuna ba zai bari ba."

Duk maganar da na tanada tun Agusta, na neme ta na rasa.

Ya jingina tsani a bangon madafi, ya rungumi ƙullin masara ya fara hawa. Tsanin nan ƙafarsa ɗaya ta daɗe da lalacewa, kullum sai an ce za a gyara. Kuma yaushe Baba ya rame haka ban lura ba?

Ban ce na huce ba. Tsani kawai na riƙe masa.