Sandarki Tana Cikin Jinkar Rumbu

Zuwa ga Kaka Saratu, uwargidana,

Gaisuwa daga mijin nan naki da bai taɓa kawo cefane ba. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko kina da rai ma ba za ki iya karanta ta ba, don da ajami na rubuta, ke kuwa kin sha ce mini rubutunmu na allo kamar kaji ne suka yi tono. To, yau sai ki haƙura, ni zan yi magana. Da ma ba ki taɓa bari na kai ƙarshen zance ba.

Inna, ɗiyarki, tana Nahuce lafiya, sai dai ta rame. Jar akuyarki ta haifi biyu. Ni ina nan tashar Gusau da rakena. Hanyar Tsafe tana yadda kika bar ta, mutum na cikin mota bakinsa na motsi da addu'a. Gero ya nuna a gonarku ta bayan Bilbis, kuma Kawu Bitrus ya aiko cewa mako mai zuwa za a ɗaga jinkar rumbu a zuba dammunan bana.

Zancen rumbun nan ne ya hana ni sakat. Sandarki tana can, Kaka, a soke tsakanin jinka da bakin rumbun. Ni na sa ta.

Kin tuna Asabar ɗin da na zo miki kwana biyu, kika tara 'yan matan unguwa kika gaya musu na kai shekara goma ina fitsarin kwance? Har da Hauwa'u mai awara, wadda kika san ina zagayawa. Suka yi ta dariya, ke har da riƙe ciki. Na ce to, za mu gani. Da safiyar Lahadi kina bayan ɗaki na ɗauke sandar, na taka turmi na cusa ta can sama. Niyyata ki neme ta ki rasa, ki roƙe ni, ki kira ni maigida sau uku a gaban mutane, sannan in sauko miki da ita. Iyakar abin ke nan. Sai ga wani abokina da babur zai wuce Gusau, na haye bayansa ina waƙa. Na manta. Wallahi mantawa na yi, kamar wanda ya bar hula a masallaci. Wane irin mutum ne ke manta ƙafar tsohuwa a kan rumbu?

Ke kuwa ba kya fashin sujada ko ana ruwan ƙanƙara. Da aka buga ƙararrawar coci kika nemi sandar kika rasa, sai kika zari karan dawa kika dogara. A gangaren ƙorama karan ya karye, ƙugunki ya bi shi. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti a Gusau suka yi nasu. Wata biyar kina kwance a tabarma, daga nan aka ɗauke ki zuwa makabarta.

Da aka rasa sandar, sai aka ɗora wa Talatu, matar Kawu. Wai ita ta hura wuta da ita, tunda an san kuna yawan cacar baki a kan gishirin miya. Kika ce ba ita ba ce, aka ce tsohuwa tana rufa wa surukarta asiri. Matan coci suka daina zama kusa da ita. Inna ta daina amsa gaisuwarta. Kawu ya daina cin tuwonta. Ni kuwa ina zaune a cikinsu ina gyaɗa kai, har na taɓa cewa ai mata sai a hankali. Da bakin nan nawa na faɗa. Ina tunawa sai in ji yawuna ya yi ɗaci.

Sau biyu kacal na zo duba ki. Ɗakin yana warin gyambo da fitsari, na tsaya a bakin ƙofa ina numfashi ta baki, ina yi miki ba'a wai amarya ta ƙi tashi ta yi wa ango shara. Talatu na durƙushe tana wanke miki jiki da tsumma, ko fuska ba ta yamutsa ba. A zuwa na biyu kika kama hannuna kika ƙi saki. Kika ce in dubi abin da Talatu ke yi, haka Allah yake yi wa mai zunubi. Wai uwa ba ta jiran jariri ya ba ta haƙuri kafin ta wanke masa kashi, tausayi ne ke sa ta kai hannu, kuma wanda ya fi ɓaci shi ake fara ɗauka. Kika ce abin da Yesu ya zo yi ke nan a wurinku, ya sa hannu cikin ƙazantar mutane ba tare da ya toshe hanci ba. Na yi dariya na ce tsohuwa ta fara wa'azi, a kira fasto ya zo ya karɓi aikinsa. Na zame hannuna, na goge shi a rigata inda ba ki gani.

Amma abin da ya fi komai ƙazanta shi ne ranar da aka tashi zaman makoki. Kin san al'ada, tsohuwa ta cika da shekaru, dole jikoki su yi wasa. Su Rahila, sauran jikokinki, suka ce ba wanda ya kai Lawali iya kwaikwayonki. Suka ɗaura mini zanenki mai ruwan ganye, suka ɗaura mini ɗankwalinki, wani ya miƙo mini karan dawa. Karan dawa, Kaka! Na karɓa. Na ranƙwafa, na murguɗa baki, na yi tafiyarki, na yi muryarki kina zagin akuya, na yi waƙar cocin nan da kike ja kamar ana yanka ki. Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya, Kawu na share hawaye, har fasto ya ɓoye fuska. Daɗin tafin ya ɗebe ni, na yi kamar karan ya karye, na zube ƙasa. Aka yi shewa. Ina kwance a ƙasa cikin zanenki, ƙanshin man kaɗanyarki na shiga hancina, sai na zabura. Na ruga bayan gida na amayar da duk abin da na ci a makokinki.

A nan Talatu ta same ni, da butar ruwa a hannunta. Ta zuba mini na wanke baki. Sannan ta gaya mini cewa kin sani tun ranar. Kin ji ƙarar turmi, kin ji dariyata da nake dannewa. Kin gaya mata tun makon farko, kika roƙe ta kada ta faɗa, don in Kawu ya ji, ƙafata da ta Inna sun bar gidan ke nan, kuma za a ce ɗan Musulmi ya hana tsohuwa zuwa coci da gangan, maganar ta fi ƙarfin gida. Ta ce kin bar mini saƙo: kin yafe tun kina kwance a ƙoramar kafin a zo ɗaukarki. Ita ma, in ji ta, ba ta riƙe ni da komai ba, tunda ita ma kullum yafe mata ake yi.

Me ya sa ba ki tsine mini ba? Da kin zage ni, da na san abin yi, da na rama da wasa mu wuce. Wannan kuwa ina zan kai shi? Wata biyar mace na cin zagi a kaina tana wanke gyambon da na jawo, ni ina tasha ina ba 'yan kamasho dariya. Ina duban madubin mota in ga fuskata, in ji kamar na taka abu da ƙafa ba takalmi.

Na je wurin Malam a Nahuce na gaya masa duka. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce rahamar Allah ta fi laifina faɗi, amma haƙƙin mutum sai mutum ya sauke. Naki kin sauke. Na Talatu kuwa, ko ta yafe, sunanta yana nan a ɓace a bakin mutane, kuma ni kaɗai ke iya gyara shi. Ban bar addinina ba, Kaka, kada ki fara murna. Amma abin da kika faɗa a ɗakin nan mai wari, yanzu na ji shi.

Ba zan ɓoye miki ba, shekaranjiya na yi shirin in lallaɓa Bilbis kafin a ɗaga jinka, in zare sandar in jefa ta a ƙorama. Ba wanda zai sani. Talatu ba za ta faɗa ba, ke kuma ba ki da baki. Har na hau mota. A Tsafe na sauka na komo, don na ga wannan ma wani wasan ne irin nawa, kuma na ƙoshi da su.

Gobe Lahadi. Zan jira a tashi daga sujada, lokacin da kowa ke dawowa ta ƙofar gida. Zan taka turmin nan a gaban Kawu da matan da suka guji Talatu, in sauko da sandar, in faɗi wanda ya sa ta a can. Na gaya wa Inna, ta yi kuka, ta ce za ta bi ni. Wataƙila Kawu ya karya sandar a bayana. In ya yi, ba zan kauce ba. In ta tsira, Talatu zan ba, ta ajiye don tsufanta.

Ban san addu'ar da ta dace in yi miki ba. Na bar ki a hannun wanda kika dogara da tausayinsa. Ki huta, tsohuwa. Wannan karon ke kika ci wasan, kuma ba zan rama ba.

Mijinki marar kunya,
Lawali mai rake