Manhaja ta sa wa 'yata ranar allura, ni kuma ban san wadda ta kusa kashe ta ba

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni mai wankin motocin bas ne a garin da ba nawa ba. Daga safe har yamma ina cikin takalmin roba da tiyo a hannu, ina kankare cingam daga ƙarƙashin kujerun mutane. Matata ta rasu bara, na je na ɗauko 'yarmu tilo daga hannun kakarta na sa ta makaranta a nan.

Yanzu ƙyanda ta ɓulla a unguwarmu, makaranta ta ce duk yaron da rigakafinsa bai cika ba ya zauna gida. Asibitin unguwa suna da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, kana ba ta izini a waya sai ta shiga rumbun bayanan asibitoci ta ɗauko tarihin alluran yaro. Na danna. Kafin in tsane hannuna ta kawo komai daga asibitinmu na gida. Ba zan zalunce ta ba, abin da zan yi wata da watanni ina roƙon mutane a kansa ta yi shi nan take, kuma ta fi ogana ladabi. Ta ce akwai allurar da ta rage, ta sa mana rana a mako mai zuwa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Tana jaririya an taɓa yi mata wata allura, fuskarta ta kumbura, borin jini ya feso mata, numfashinta ya sarƙe, da ƙyar aka ceto ta. Ina nan wurin neman abinci lokacin, a waya na ji. Marigayiya ce ta san ko wace allura ce, ta tafi da saninta. Abin da manhajar ta kawo kuwa suna ne da kwanan wata, babu inda aka ce yarinya ta kusa mutuwa. Na rubuta mata bayani, ta ba ni haƙuri, ta sake turo mini ranar.

Surukata tana wurin sa'ad da abin ya faru, amma tun da na ɗauke jikarta gaisuwata ma da ƙyar take amsawa. Ban ga laifinta ba, ita ta yi rainon.

In na kai yarinyar allurar, ina tsoron in ga abin da uwarta ta gani. In na hana, ga ƙyanda a bakin ƙofa. Jiya tana cin abinci na zuba wa wuyanta ido har ta tsargu. Wallahi na gaji, Malama. Ita kaɗai ta rage mini.

Uban Marainiya

AMSA

Bawan Allah, Allah Ya jiƙan mai ɗakinka. Tsoronka yana kan hanya, kada kowa ya ce maka ƙauyanci ne. Sai dai ƙyanda ma ba abin wasa ba ce, ɓoye yarinya a ɗaki ba zai kare ta ba.

Manhajar nan 'yar aike ce. Abin da aka shigar take ɗaukowa, wanda ba a shigar ba kuma ba ta san da shi ba. Ba ita ke riƙe sirinji ba, ranar da ta sa kuma ana iya ɗaga ta. Ka daina yi mata bayani. Ka nemi izini a wurin aiki, ka je asibitin da ƙafarka kafin ranar, ka ce likita kake son gani. Ka faɗa masa kumburin fuska da sarƙewar numfashi kamar yadda ka faɗa mini, ka kuma tsaya sai an shigar da shi cikin bayananta. Likita na iya tura ku wurin ƙwararre, ko ya gwada jininta ya ga ko tana da kariya, ko a yi allurar a inda aka shirya mata ana lura da ita. Wannan hukuncinsa ne, ba nawa ba, ba na waya ba.

Kafin nan, ka kira surukarka. Ba za ta san sunan allura ba, amma kaka ba ta manta ko jikarta tana zama ne, ko rarrafe, ko ta fara tafiya ranar da ta kusa rasa ta. Kwanakin watan da manhajar ta kawo, in aka haɗa su da abin da ta tuna, suna iya nuna wa likita allurar da ake zargi. Ka fara da cewa lafiyar jikarta ce ta sa ka kira. Ko ta yi maka faɗa, ka saurara har ta gama, amsar tana zuwa a bayansa.

Yarinyar kuma ka gaya mata cewa likita za ku gani don a kula da ita, yara suna karanta fuskar iyayensu fiye da yadda muke zato. Allah Ya raya maka ita, Ya sa ka ga girmanta cikin ƙoshin lafiya.