Bakin Malam

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Don Allah ki daina yi wa kanki rowar magani.

Kin tambaya ko ina cin abinci tun rasuwar Malam. Ina taɓawa. Aiki ne ya ɓoye ni, Malam ɗin na zana. Kin dai san shi ne ya ɗora ni kan karatun littattafai, ya riƙa bin labaraina da jan biro har takarda ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Daga ƙarshe ya ce in rufa wa rubutu asiri, in riƙe burushina. Ba ni da abin saka masa sai fenti.

Na zana shi yadda yake tun da ɓarin jikinsa ya shanye: a kujerar nan ta bakin taga, tawul a kafaɗa, baki a karkace. Da wannan bakin ya faɗi littafinsa na ƙarshe ina rubutawa, kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita har gumi ya karyo masa. Da shi kuma yake mini dariya idan na kwafsa.

Marubuta za su yi taron tunawa da shi a ɗakin karatu, suna son a rataye zanen. Babban ɗansa ya zo shagona ya gani, ya haɗe rai, wai na tozarta mahaifinsa, ko in miƙe bakin ko a fasa. Mutumin da in ya zo dubiya ko motarsa ba ya kashewa. Na ce a fasa ɗin.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Mai Fenti

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Kin ce in tsaya kan bakana. Yaya, ban tsaya ba.

Matar Malam ce ta zo da kanta, ita da ko tsakar gida da ƙyar take ƙetarewa. Na kakkaɓe mata benci, ta zauna ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi ban yi ƙarya ba ko kaɗan, shi ne sak. Amma ita ta gaji da ganin bakin nan, shekara da shekaru tana goge shi da tawul, so take ta ga mutumin da ta aura ko sau ɗaya. Ta zaro tsohon hotonsa daga jaka ta ajiye kusa da gwangwanayen fenti. Na ce mata to.

Fentin ya riga ya bushe, in na shafa wani a kai tudu zai yi. Sai da na sa wuƙa na kankare bakin har zanin allon ya fito, sannan na ɗora na hoton.

An yi taro, ɗaki ya cika. Mutanen da ba su taɓa taka matakalar gidansa ba tun da ya kwanta suka yi layi gaban zanen, kowa na cewa kamar ya yi magana. Ɗan nasa har rungume ni ya yi. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake.

Na dawo shago na ce zan sake zana wa kaina na gaskiyar, in ajiye. Babu wanda ya ɗauke shi hoto yana ciwo, shi ma bai yarda ba, don haka da ka na zana na farkon. Na ɓata takarda ta fi a ƙirga. Duk wanda na fara, miƙaƙƙen bakin nan ne ke fitowa. Yaya, na manta ta wane gefe ya karkace.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Mai Fenti