Jinin Yaya Zaliha

Tawa, 9 ga Satumba

Zuwa ga yayata Zaliha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin samu sauƙin kumburin ƙafa. Yaya Inna, yaya mutanen Takanamat? Na rubuto ne don maganar nan ba ta salula ba ce, ina fara ta murya za ta gudu ta bar ni.

Kin san tun da ɗan'uwanmu Yunusu ya faɗi a gona bai tashi ba, kamar yadda Baba ya faɗi, masu horar da mu suka ce sai an duba zuciyata kafin in sake shiga filin kokowa. Lokotoro ya duba, ya ce naman zuciyata ya yi kauri, amma ɗan kokowa ma kan yi haka don ƙarfin aiki. Sai ya aika jinina ƙasar waje. Amsa ta dawo jiya. Wai a cikin ƙwayoyin halittar da na gada akwai ɗaya da ta bambanta da ta mutane, kuma ba su sani ba ko ita ke kawo ciwon ko kuwa bambanci ne kawai, irin na mai hagu da mai dama. An kai jini bangon duniya don a ce mini ba a sani ba!

Lokotoro ya hana ni takardar shiga gasar takobi, babbar kokowar ƙasa, ga shi zaɓen 'yan kokowar jiha a Disamba ne. Shekarata talatin, Yaya, bana ce ta ƙarshe. Ya ce mafita ɗaya ce, a gwada jinin wani a gidanmu wanda ciwon ya riga ya bayyana gare shi. In yana da ƙwayar, ita ce. In ba ya da ita, zargi ya sauka daga kanta. Baba da Yunusu suna ƙasa, saura ke mai fama da ciwon zuciya. Ya tambaye ni ko uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na yi masa dariya.

Ki taimaka ki zo ran Lahadi ke da Inna. Allura ce ƙarama, ke da kike cire ƙaya da wuƙa.

Ƙanenki,
Manzo

Tawa, 20 ga Nuwamba

Yaya Zaliha,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan maganin da aka ba ki yana aiki.

Wata biyu ina zaune kamar akuyar ɗaure. Ba gudu, ba ɗaga nauyi. In na ji kiɗa daga fili sai in canja hanya. Abokai suna tambaya me ke damuna, ni kuwa ba ni da sunan ciwon da zan ba su, don ban da ciwo, ban da lafiya.

To yau Allah ya kawo. Ba ki da ƙwayar! Lokotoro ya ce tunda kina da ciwon ba tare da ita ba, da wuya a ce ita ce mai laifi. Ya ce in koma ran Alhamis ya sa hannu. Wallahi na yi kuka a bisa kabu-kabu, mai tuƙi ya zaci rasuwa aka yi mini.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ranar da aka ɗebi jininki Inna ta kau da kai, har kuka shiga mota ba ki tsokane ni ba ko sau ɗaya. In na yi miki laifi ki faɗa.

Naki,
Manzo

Tawa, 27 ga Nuwamba

Yayata,

Ina yi miki fatan alheri. Takardarki ta iso ran Laraba, direba ya miƙo mini ina cin abinci, ban ƙarasa ba.

Ashe riƙonki aka yi. Ashe mahaifiyarki aminiyar Inna ce daga Bambeye, ta rasu kina da kwana arba'in, Inna ta sa ki a nono. Kowane babba a gidanmu ya sani, ni kaɗai aka bari a duhu. Ban ga laifinki ba. A gaban Inna, a gaban baƙon mutum mai farar riga, da wane baki za ki ce ke ba 'yarta ba ce? Ita ma da wane baki? Sai kika miƙa hannu aka ɗiba. Ni ne na ja ku can ban tambayi kowa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi niyyar yin shiru. Na je wurin lokotoro ran Alhamis da takardarki a aljihu, na ce wa raina wa ya san an gwada jinin da ba namu ba ban da mu uku. Ya ciro takardar gasa, ya buɗe biro. Sai na ga ranar da za a zo a gaya wa Inna na uku ya faɗi, ke kuma kina zaune kin san dalili. Na riƙe masa hannu na gaya masa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce naki ciwon daban ne, za a ci gaba da duba ki, amma jininki ba ya shaida a kan nawa. Mun koma inda muka faro. Wataƙila nan da shekara biyar a samu wasu gidaje masu irin ƙwayar a gane, wataƙila ba za a taɓa ganewa ba. Zaɓe kuwa sati biyu ya rage, an riga an ba wani gurbina.

Kafin in fita ya ɗauko sabuwar takarda ya ce zai sake rubuta dangina daga farko. Ya tambaye ni 'yan'uwana nawa suka rage da rai. Na ce babu.

Yaya, ki yafe mini wannan kalma.

Ki gaida Inna, kada ki ce mata na sani.

Ƙanenki,
Manzo