Na Mayar Masa da Fankarsa

Zuwa ga Indo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma ba ki iya boko ba, ni kuma da na iya, daga aji uku na elemantare na tsere, har yau ni kaɗai nake gane rubutuna, shi ma ba kullum ba. To amma cikina ya cika, kuma shekara huɗu ke nan ba ni da mai ce mini in yi shiru in ci tuwo kafin ya huce.

Labarin gari dai, kuɗin mai sun shigo Daura. Kowa ya zama ɗan kwangila. Masu kawo mini keke gyara sun koma babur, sai su wuce ta gaban rumfata su yi mini ham. Ni ina nan da famfona da facina. An kafa turakun wutar lantarki tun daga bakin kasuwa har unguwarmu, ɗaya ma daidai inda kike ɗaure akuyarki.

Yarinyar nan ta gama. 'Yar farin taki, wadda ni da ke ba mu taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Ta dawo da takardar injiniyar wutar lantarki. Kin tuna lokacin da ta kwance ɗan injin fitilar keken wani mutum don ta ga inda hasken yake ɓuya, na ɗauko bulala, kika tsaya a tsakaninmu? To yanzu gwamnati ce take biyanta ta yi irin wannan ɓarnar. Aka turo ta nan gida cikin masu kawo wa gari wuta.

Kin san abin da suka yi da ita? Ita da ta karanta yadda ake raba wa gari guda wuta daga taransifoma, manajansu ya dube ta ya ce ai Allah ne Ya kawo ta, tunda namiji ba ya shiga cikin gidajen mutane, ita sai ta riƙa bi gida-gida tana duba wayoyin ɗakunan mata tana sa hannu. Maza suka riƙe manyan injuna, ita aka ba ta jaka da biro. Shekara nawa kika yi kina suyar ƙuli-ƙuli hayaƙi na cin idonki, don a mayar da ita mai leƙen ɗaki? Ita kuwa ta ɗauki jakarta ta shiga gidajen.

Ashe shigar ce ba su lissafa da ita ba. Wanda aka ba kwangilar ja wa gidajen unguwarmu waya shi ne Alhaji Tanko, wanda kika sani yana sayar da igiya a kasuwar dabbobi. Daga igiya ya koma waya, ina jin ya ga duk abin ja ne. A zaure da ɗakin maigida, inda ido ke gani, aiki tsaf. A cikin gida kuwa, inda ya tabbata babu mai dubawa da zai taka, sai siririyar waya, an yi mata ƙulli an naɗe da tsumma, an bi da ita ta jikin kwanon rufi. Wayar nan da ake binnewa a ƙasa don ta kwashe wuta in ta ƙwace, ba a sa ko ɗaya ba. Yarinyar ta ce ba ta sa hannu sai an sake. Ranar kunna wuta kuma ta matso, har an sayi fenti an shafa wa duwatsun bakin hanya.

Manaja ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ba ta takardar kwiri, wato ta tuhuma. Da suka ga ba ta motsa ba, sai wani mai dabara a cikinsu ya tuna tana da uba.

Indo, a nan ne zan ba ki kunya. Alhaji Tanko ya zo rumfata da mota, da dattawa biyu. Shekara talatin yana wucewa bai taɓa yi mini sallama ba, ranar nan har da tambayar ƙafata mai ciwo. Ya kira ni Malam Ilu, ya maimaita, ni da duk gari ke ce wa Ilu Faci. Ya ce yarinya komai karatunta ba ta ƙetare maganar mahaifinta, kuma bai kamata a ce 'yar gari ce ta hana garinsu haske ba. Aka sauke mini fanka sabuwa fil a kwali, irin mai tsayuwa da ƙafarta tana waige-waige. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, su ɗauka an gama. Na kai fankar ɗaki na zauna ina juya ta da yatsa, tunda wutar ba ta zo ba. Mijinki ke nan. Da iskar da ba ta ma kaɗa ba aka saye shi.

Washegari da hantsi na kira yarinyar, na gyara murya irin ta iyaye. Na ce ta sa hannu a wuce wurin, gyara ya biyo baya. Ta durƙusa har ƙasa, ba ta ɗaga ido ba sai da na gama wa'azina. Sannan ta roƙe ni in biyo ta tsakar gida, tunda namu gidan ma aikin Alhajin ne. Ta nuna mini inda ƙullin wayar ya kwanta a kan kwano. Daga jikin kwanon ta bi da yatsa zuwa wayar ƙarfen nan da kika ɗaura da hannunki don shanya, tana nan inda kika bar ta. Ta ce in ruwan damina ya jiƙa tsumman, wuta za ta bi kwano ta sauko har nan. Sai ta ce, "Baba, a gidajen nan wa yake shanya?"

Na kusa sittin ban taɓa rataya jiƙaƙƙen tufa a waya ba. A da ke ce mai shanya, yanzu ita. Alhaji Tanko ma bai taɓa ba, manaja bai taɓa ba, dattawan nan biyu ba su taɓa ba. Mu biyar, kowa na zaune a inuwarsa, mun yanke shawara a kan hannun da ba namu ba.

Na ɗaure fankar a bayan kekena, babu kwali, na bi ta tsakiyar kasuwa da gangan. Ina tuƙi iska na kaɗa ta, tana juyawa a bayana, ranar ce kaɗai ta yi mini aiki. Na tarar da Alhaji Tanko a ƙofar gidansa cikin jama'a. Na sauke masa abarsa. Ya ce in je in ja wa yarinyar kunne. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce ba yarinya ba ce, sunanta Injiniya Safiya, kuma abin da ta ce shi na ce. Ba fankar ce ta girgiza su ba, wai uba ya kira sunan 'yar fari a bainar jama'a. Har yau maganar da ake yi ke nan a bakin masallaci, wai Ilu ya zubar da kunya. Wayar da za ta kashe matansu ba abin kunya ba ce, sunan 'yata ne abin kunya!

Kada ki ɗauka mun ci nasara. Manaja ya samo wani namiji daga ofis, ya bi unguwa ya tsaya a kowane zaure, ya leƙa makunni, ya sa hannu a kan ɗakunan da bai taɓa gani ba. Aka yi taro, aka yi jawabi, aka kunna wuta, aka tafa. Ba a gayyace ta ba. Kwana biyu bayan nan takarda ta fito, an mayar da ita sito a wani gari can kudu, ta je ta riƙa tsaron ƙwayayen fitila. Wai ba ta da haɗin kai. Wanda ya sa hannu da ido rufe shi ne mai haɗin kai, an ce ma za a ƙara masa girma. Wane irin gari ne wannan, Indo? A tura yarinya ta koyo gani, ta dawo ta gani, a hukunta ta don ta gani?

Abu ɗaya ne ba su sani ba, don a cikin gida aka yi shi. Duk gidan da ta shiga, sai da ta nuna wa matan ɗan fis ɗin da ke kai wuta ɗakunansu, da yadda ake zare shi. Yanzu haka a unguwarmu zaure na da wuta, cikin gida babu. Mazan sun yi faɗa sun gaji. Matan sun ce fis yana cikin adudu, ba zai fito ba sai an sake waya kuma ita ta duba. Jiya na ga yaran Alhaji Tanko sun fara sauke sabuwar waya a gidan liman. Fuskarsu ba daɗi. Ni kuwa har da yi musu sannu da aiki.

Saura abin da ban faɗa miki ba kina raye. Ni ne na ce karatun ya isa haka tun tana firamare, ke kika ƙi. Da ta ci jarrabawa ni na zagaya gari ina karɓar barka kamar ni na yi suyar. Da ta zaɓi aikin wuta kuma, shekara biyu ina ce wa abokaina malantar asibiti take koyo, don kada su yi mini dariya. Kin sani, ba ki taɓa tona ni ba. Ke ce da gaskiya. Ga shi na faɗa, a makare, kamar yadda na saba kawo cefane.

Gobe da safe zan raka ta tashar motar Kano. Ta ce ba za ta ajiye aikin ba, za ta riƙa rubuta musu takarda har su gaji su ɗora ta kan injunan da ta karanta. Taurin kan nan ba a wurina ta samo shi ba. Na ce zan ɗaukar mata jaka, ta ce in tuna da ciwon ƙafata. Zan ɗauka duk da haka. Wayar shanyarki kuma na kwance ta daga jikin kwanon, na ɗaura a itace. Na gwada rataya rigata da kaina, ta faɗo sau biyu.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sa ke ma ki yafe mini. Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Ilu Faci, baban Injiniya Safiya